Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Sanin kowa ne cewa a ƙasar nan, duk ranar da aka naɗa sabon minista ko sabon darakta, akwai abubuwan da ba su kuskurewa. Za a tara ma'aikata a fili, a yi jawabi, a ce zamanin sakaci ya wuce. Washegari sabon shugaba zai tsaya bakin ƙofa da agogo a hannu, yana rubuta sunayen waɗanda suka makara. Kafin mako ya zagayo takardar umurni ta fito, an buga mata hatimi, an manna ta a bango. Bayan wata uku rana ta ƙone takardar, iska ta yage gefenta, kujerun da suka cika da sassafe sun koma wayam. Ɗan kasuwar da ya baro Maraɗi ko Damagaram saboda sa hannu guda ɗaya kuwa yana nan zaune bisa benci a Yamai, ana ce masa ya dawo gobe.

Tun daga Taron Ƙasa na 1991, Nijar ta ga jamhuriya bayan jamhuriya, ta kuma ga juyin mulki a 1996, 1999, 2010 da 2023. Babu mulkin da ya zo, na farar hula ko na soja, ba tare da alkawarin gyara aikin gwamnati ba. An kafa kwamitoci, an sake wa ma'aikatu suna, an haɗe wasu an raba wasu, an yi tarurrukan ƙara wa juna sani da ba su ƙirguwa. Saboda haka ya dace a tsaya a yi tambayar da ake yawan tsallakewa: ta wace ƙofa gyara na gaskiya yake shiga wurin aiki, kuma mene ne ke sa ya zauna bayan wanda ya kawo shi ya tafi?

Abu na farko da ya kamata a amince da shi shi ne, kowane wurin aiki dokoki biyu ke tafiyar da shi. Akwai wadda ke rubuce cikin kundi, akwai kuma wadda ake bi a aikace. Masu binciken cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, cikinsu har da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun shafe shekaru suna zama a asibitoci da kotuna da ma'aikatun magajin gari, suna kallon yadda ake aiki. Abin da suka bayyana, duk ma'aikaci ya san shi ko da bai taɓa furta shi ba. An san ƙarfe nawa ake zuwa na gaskiya, an san mai ɗan'uwa a ciki ba ya bin layi, an san aikin da babba ya kamata ya yi sau da yawa ƙarami ko ɗan sa kai ake bar wa, an kuma san cewa wuya ne a hukunta mai laifi, domin kafin takardar horo ta bushe wani babba ya sa baki. Waɗannan al'adu ba a rubuta su ko'ina ba, amma sabon ma'aikaci cikin wata ɗaya yake haddace su. Takardar umurni kundi take canzawa. Dokar da ake bi a aikace ba ta ma san an yi ba.

Misali na kusa shi ne maganin kyauta. A 2005 da 2006, zamanin shugaba Tandja Mamadu, gwamnati ta yanke cewa tiyatar haihuwa, da awon ciki, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 sun zama kyauta. Niyyar mai kyau ce, kuma babu mai musun cewa iyaye mata da yawa da a da ke zaune gida sun fara kai ƴaƴansu gidan likita. Sai dai tsarin ya ce asibiti ya yi magani tukuna, sannan ya aika takardun kuɗi a biya shi daga baitulmali. Biyan ya riƙa makara watanni, wani lokaci shekaru, bashin ya taru ya kai miliyar da dama na sefa. Majon da ke ƙauye ya wayi gari da kantar magani babu kome, ga kuma uwa riƙe da yaro mai zazzaɓi tana cewa ta ji a rediyo kyauta ne. Dole ya rubuta mata takarda ta je ta saya waje. Da an zauna da irin wannan majo kafin a yi shela, da ya faɗi tun ranar farko inda tsarin zai yi yoyo, tun da shi ke sayen magani, shi ya san kwana nawa akwatinsa zai iya jira.

To, idan shela ba ta isa, ina aka taɓa ganin canji ya kama har ya zauna? Ba sai an je nesa ba. Gonakin jihar Maraɗi da ta Damagaram sun isa shaida, gona kuwa ita ce wurin aikin mafi yawan ƴan Nijar.

Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa. An kafa wuraren renon iri, an yi jigilar dashe a mota, an yi bukukuwa, amma mafi yawan abin da aka dasa rana da awaki da gara suka cinye. A lokacin, dokar gandun daji ta sa manomi yana kallon icen da ke cikin gonarsa kamar na gwamnati, wanda in ya taɓa shi za a ci shi tara. Malaman gona kuma sun daɗe suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share fes. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sarewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, kututturen itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. In aka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, cikin ƴan shekaru sai ice ya tashi, ba tare da an sayi iri ko an yi ban ruwa ba. Wannan shi ne abin da manoma suka raɗa wa suna sassaben zamani.

Yadda abin ya yaɗu shi ne darasin. Da farko manoma ƙalilan ne suka yarda suka gwada, maƙwabta na yi musu dariya suna cewa gonarsu ta ƙazanta. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a ƙauyuka kusan ɗari, mutane suka bi domin hatsi. Da rabon ya ƙare, mafi yawan itatuwan nan aka sare su. Waɗanda suka bar nasu kuwa suka ga iska ta rage binne shuka, suka sami makamashi da abincin dabbobi a bakin gona, suka ga yadda gero ke yi ƙarƙashin gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana. Maƙwabci ya leƙa ya gani, ya koma ya yi. Kowa ya gyara dabarar daidai da gonarsa, wani ya fi son kalgo, wani sabara, wani ya bar reshe biyu, wani biyar. Ma'aikatan gandun daji a wurare da dama suka sassauta cin tara, manomi ya tabbata icen da ya rena nasa ne. Da aka duba hotunan tauraron ɗan adam a tsakiyar shekarun 2000, an ƙiyasta cewa kadada kusan miliyan 5 sun sake samun itatuwa, wajen miliyan 200. Sabuwar dokar gandun daji ta fito ne a 2004, fiye da shekara 20 bayan gwajin farko. Manoma ne suka yi gaba, doka ta biyo sawu.

Wani zai ce gona daban, biro da masana'anta daban. To, a dubi Toyota, kamfanin da motocinsa suka cika hanyoyin ƙasar nan. A garin Fremont na jihar Kalifoniya a Amurka, kamfanin General Motors yana da masana'antar haɗa motoci da ta yi ƙaurin suna wajen yajin aiki, da fashi, da motoci masu lahani. A kowace rana kusan ma'aikaci ɗaya cikin biyar ba ya zuwa. Aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, haɗin gwiwa da Toyota, kuma mafi yawan waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne da ake cewa ba su gyaruwa. An kai ɗaruruwansu Japan suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da takwarorinsu. An rataya igiya a kan layin aiki, aka ce duk wanda ya ga kuskure ya ja ta, shugaban ƙungiyarsa ya rugo ya taimaka, in ta kama a tsayar da layin gaba ɗaya. A da, tsayar da layi babban laifi ne. An kuma yi wa sandika alkawarin cewa ba za a sallami ma'aikata ba sai in kamfanin na fuskantar rushewa, kuma da ciniki ya ja baya a 1988 an cika alkawarin. Cikin ɗan lokaci fashi ya faɗi zuwa kimanin 2 ko 3 cikin 100, motocin suka shiga sahun mafi inganci da General Motors ke sayarwa. Mutanen su ne na jiya. Abin da ya canza shi ne, faɗin matsala ya daina zama abin tsoro.

Labarin yana da kashi na biyu da ya fi dacewa da masu mulki su ji. General Motors ta aika manyanta su je su gani, suka kwafi igiya da alluna suka kai wasu masana'antunta, amma shekaru masu yawa abin bai kama ba, domin an ɗauki kayan an bar amanar da ke tsakanin shugaba da ma'aikaci. Irin haka ta faru a fannin lafiya. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takarda mai tambayoyi 19 da ake bi kafin tiyata da bayanta. A asibitoci 8 da aka fara gwada ta, har da na Ifakara a Tanzaniya, inda aka zauna da ma'aikata aka koya musu aka kuma bi sawu, mace-mace sun ragu daga 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Da jihar Ontariyo ta Kanada ta tilasta wa asibitocinta amfani da irin takardar, binciken da aka buga a 2014 kan asibitoci 101 bai ga wani ragi na a zo a gani ba. Takarda ɗaya ce, amma inda aka cika ta don a ce an cika, ba ta ceci kowa ba.

Idan aka haɗa waɗannan misalai, hanyar da gyara ke bi ta fito fili. Yakan fara daga wanda hannunsa ke cikin aikin, domin shi ke ganin ɓarakar kullum. Yakan fara ƙarami, a wuri ɗaya, inda in an yi kuskure asarar ba ta da yawa. Yana yaɗuwa ne idan na kusa ya gani da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Yana zama ne idan mai yin sa ya ga amfaninsa a jikinsa, ko sauƙin aiki, ko mutunci, ko riba. Abin da aka yi domin hatsin rabo ko kuɗin zaman taro, ranar da kuɗin suka ƙare ranar yake mutuwa. Wannan ne ya sa ayyukan raya ƙasa da yawa ke tashi tare da motocinsu, su bar allo mai tsatsa a bakin hanya.

Wannan ba yana nufin shugaba ba shi da aiki ba. Aikinsa ma ya fi na jawabi wuya. Masu binciken LASDEL sun nuna cewa a cikin ma'aikatun ƙasar nan akwai waɗanda suka kira masu gyara daga ciki: ungozomar da ta tsara zuwan mata yadda ba za su wuni a rana ba, shugaban makarantar da ya san malamin da bai zo ba ya kuma bi shi gida, akawun da ke rubuta ranar da kowane dosiye ya shigo da ranar da ya fita. Ba su da yawa, amma akwai su a kowace jiha. Abin takaici, irin waɗannan mutane ba safai ake yaba musu ba. Abokan aiki na ganin sun cika iyayi, na sama na ganin suna tona asiri, kuma da zarar siyasa ta juya sai a ɗauke su a jefa wani wuri, a kawo ɗan jam'iyya ko ɗan gidan wane. Gyaran da aka yi shekara uku ana ginawa sai ya rushe cikin wata guda. Ma'aikacin da ya ga haka sau biyu ya koyi darasi: ya yi shiru, ya jira ƙarshen wata. Shugaban da ke son canji, aikinsa na farko shi ne ya nemo irin waɗannan mutane, ya tsaya musu, ya bar su a wurinsu har abin da suka shuka ya yi saiwa.

Akwai gaskiya biyu masu ɗaci da bai kamata a ɓoye ba. Ta farko, da ruwan ciki kan ja na rijiya. Waɗanda suka yi aikin gwamnati a shekarun 1990 ba su manta da watannin da suka wuce babu albashi ba, ga kuma karyewar darajar sefa ta Janairun 1994 da ta tsauwala farashin kayan waje. A irin wannan hali ne malami ya koyi neman na cefane a lokacin aiki, kuma al'adar da yunwa ta koyar ba ta tafiya don kawai an fara biya. Babu gwamnatin da ke da bakin neman gyara wurin ma'aikacin da ba ta biya kan lokaci ba, ko wanda ta tura biro babu takarda babu tawada. Ta biyu, jinkiri kasuwa ne ga wasu. Inda dosiye ke kwana goma, akwai mai cin abinci da rage shi zuwa kwana biyu. Duk wanda ya zo ya daidaita layi ya taɓa tukunyar wani, kuma za a yaƙe shi. A nan ƴan kasuwa ma suna da nasu kason laifi. Wanda ya miƙa jika biyar don a tsallakar da shi a duwan ko a biron haraji ya sayi sauƙin yau, amma ya ƙara wa layin gobe tsawo, kuma gobe shi ma yana ciki.

Ƴan kasuwa kada su ɗauka maganar ta ma'aikatan gwamnati ce kawai. Shago da sito da garejin manyan motoci su ma wuraren aiki ne. Yaron shago ya san kayan da suka yi wata shida ba su motsa ba, ya san mai karɓar bashin da ba ya biya. Direba ya san hanyar da ke cin taya da makanikin da ke sa tsohon ƙarfe ya ce sabo ne. Amma tarbiyya ta hana bara ya yi magana gaban ubangidansa, kuma wanda ya kawo labari maras daɗi shi ake fara zargi. Alhaji zai sayi kwamfuta ya ajiye bisa tebur, alhali aljihunsa da akwatin shago har yanzu abu ɗaya ne, lissafi kuma yana cikin kansa shi kaɗai. Kowane babban gari na ƙasar nan ya san gidajen kasuwancin da suka yi tashe, suka watse ƴan shekaru bayan rasuwar mai su, domin babu wanda aka koya wa, babu abin da aka rubuta. Ladabi abu ne mai kyau, sai dai ladabin da ke hana a faɗa wa maigida cewa rufin sito na yoyo, hatsinsa yake ruɓarwa.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowa ba, kuma ba sai an jira masu ba da agaji ba. Kowane biro ya zaɓi ɓaraka ɗaya tak, wadda jama'a suka fi kuka da ita. In jinkirin takardu ne, a sayi kaye guda a riƙa rubuta ranar shiga da ranar fita, ƙarshen wata a ƙirga a gani. A rubuta kuɗin tambur da na kowace takarda da manyan baƙaƙe, da Faransanci da harsunan ƙasa, a kafa inda kowa zai gani. Sau ɗaya a mako a zauna rabin awa, a bar masinja da sakatariya da mai gadi su fara magana kafin darakta, kuma kada a hukunta wanda ya faɗi gaskiya. In dabara ta yi aiki wata uku, a kira na biron kusa ya zo ya gani. Kuɗin da ake kashewa a tara mutum hamsin a otel kwana uku sun isa a tura ma'aikata da yawa su je su zauna mako guda wurin takwarorinsu da suka riga suka warware irin matsalarsu. Bayan an ga abin ya kama a wurare da dama, sannan minista ya ɗauki alƙalami ya mai da shi doka, ya kuma tanadi kuɗin da zai riƙe shi.

Sandikoki su ma suna da rawar takawa. Sun yi gwagwarmaya a 1990 da 1991 har aka buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. Amma sandikar da ke kare wanda ba ya zuwa aiki kamar yadda take kare wanda aka zalunta, tana zubar da mutuncin ma'aikaci a idon talaka. Ranar da sandika ta fara kai wa gwamnati jerin ɓarakar aiki da hanyar toshe su, haɗe da jerin bukatunta, ranar maganarta za ta ƙara nauyi.

Babu shakka wannan hanya ba ta da armashi. Babu kiɗa, babu yanke kyalle, babu hoton da za a nuna a talabijin, kuma mai yiwuwa wanda ya fara ba shi zai ga ƙarshe ba. Masu mulki sun fi son abin da za a ƙaddamar kafin a sauke su. Amma shekaru fiye da 30 na jawabai da takardun bango sun isa gwaji, kuma itatuwan da ke tsaye a gonakin Maraɗi babu wanda ya ƙaddamar da su. Yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya. Sabon daraktan da za a naɗa gobe, kafin ya tsaya bakin ƙofa da agogo, ya dace ya ja kujera ya zauna kusa da akawun da ya shekara 20 a biron, ya tambaye shi inda ɗakin ke yoyo, sannan ya yi haƙurin sauraron amsa. Allah ya sa masu iko su gane, ya kuma ba masu gyara daga ciki juriya.